Kihi Mai Gemu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Ikko? Yaya Anti Rabi da yara, ya jikin ƙaramin? Mu nan Ƙaura lahiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma busasshen kihin da ka aiko ne sanadi.

Ran da matan gidan su Bello sunka zo kan maganar aurenmu, na ce bari in burge su, na yi miya da shi. Gwaggo Hajo ta tsamo kan guda daga kwano, ta sa anka kira ni. Ta ce, "Ke Saratu, mine ne wanga? Ja, ga ɓawo, ga gemu biyu ƙarƙashin haɓa kamar bunsuru. Tarwaɗa dai gashin baki gare ta." Na ce na teku ne, direban da ya kawo shi ya ce da gemun yake tonon yashi yana neman abinci. Ta ce ita ta tsuhwa tana cin kihin gulbi, ba ta taɓa ganin mai gemu ba, sai dai in boka ya ba ni. Gaban surukaina, Yaya. Uwar Bello ta janye hannunta, kuma har yau ba su dawo ba.

Kada ka rubuto takarda, cewa Gwaggo za ta yi ni na ƙaga karatun. Ka ɗauki muryarka a kaset, ka hwaɗi sunan kihin da inda yake zama, in kunna mata gaban uwar Bello.

Ka sa ni addu'a, ka gaishe da kowa. Gwaggo ma ta ce a gaishe ka, amma ni ban isar ba.

Ƙanwarka,
Saratu