Kwandon da Nayeli Ta Mayar

Madera, Kalifoniya

Zuwa ga Yayata Eulalia,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Allah ya sa masarar bana ta cika rumbu. Mu nan lafiya lau. An gama tsinkar inabi, Fidencio ya koma datsar rassa. Bayansa na damunsa, amma kin san mijin ƙanwarki, gara masa ya kwana yana nishi da ya je gun likita. Autanmu Beto kuwa ya fi ubansa tsawo, ci kawai ya iya.

Yaya, maganar 'yarki Nayeli ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun shigarta jami'a take zuwa zauren unguwarmu da yamma, ita da wasu ɗalibai, suna taya yaranmu karatu bayan an tashi daga makaranta, ba ko sisi. Yarinyar da aka haɗa ta da ita sunanta Brisa, 'yar Don Cipriano, mutumin ƙauyen da ke ƙetaren rafinmu can gida, ɗan tsohuwa Gertrudis mai saƙa. Yarinyar ta zo ba ta buɗe baki a aji, Turanci ya gagare ta, lissafi ya gagare ta. Nayeli ta dafa ta har ta miƙe, malamai suka ce ta zauna jarrabawar shiga ajin masu shirin jami'a. A gidanmu ba a cin abinci sai an ji labarin Brisa, har Beto yana tsokanar yayarsa wai ta haihu ba aure.

To, Brisa za ta cika sha biyar a watan Mayu, za a yi mata babban bikin da ake yi wa 'yan mata a wannan shekarar. Ran nan sai ga Don Cipriano da matarsa Rufina a zauren, cikin kayan zuwa coci, ɗauke da kwando: burodin ƙwai, cakulan, kyandir, da kwalbar giyar gida. Ke kin san ma'anarsa. Ya cire hula, ya fara dogon jawabin nan na roƙo, yana neman Nayeli ta zama madrinar 'yarsa, uwarta ta biyu a gaban Allah da mutane. Ita kuwa an karantar da su cewa ɗalibi ba ya karɓar kyauta daga iyayen yara, ba ya shiga bikinsu. Ko jawabin bai kai ƙarshe ba ta katse shi, ta yi godiya, ta ce doka ta hana, ta miƙa masa kwandonsa da hannu biyu tana murmushi, a gaban yara da iyayen da suka zo ɗaukarsu. Har ta ƙara da cewa in yana da tambaya ya ga shugabar zauren.

Da ta dawo gida da fara'arta take ba mu labari, wai ta yi abin da ya dace. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Ubanta ya ce lallai boko ya yi mata yawa har ya zube, ya tambaye ta ko a wane littafi ta karanta cewa ana mayar wa dattijo kwando. Ni kuwa na zazzage mata abin da ke cikina, na ce a garinmu ko matsiyaci ba ya yin haka, in ba zai iya ba sai ya karɓa, ya ci burodin, ya je gida daga baya ya ba da haƙuri a ɓoye. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, ta ce ai ba wanda ya taɓa gaya mata, ita ta ɗauka gayyatar biki ce da tsaraba. Gaskiya ta faɗa, Yaya. Madrinarta ma ta waya na roƙa, a lokacin hutun cin abinci a gidan shirya 'ya'yan itace. Mun koya mata abin da zai fitar da ita daga gona, ba mu koya mata yadda za ta zauna da mutanen gonar ba, kuma abin yana ci mini rai. Ƙarin takaici, shugabar zauren ta ce da an tambaye ta, ai dokar tana ƙarewa da ƙarewar zango, bikin kuma sai bayan nan. Da na sani ƙeya ce.

Tun daga ranar nan Brisa ba ta sake taka zauren ba. Ranar Lahadi muka haɗa namu kwandon, muka je gidansu mu uku. Don Cipriano ya karɓe mu da mutunci, ya gutsuri burodin ya ci, ya ce shi ba ya riƙe yarinya a zuci. Amma ya ce a gona abokan aiki sun sa shi gaba, kullum sai wani ya tambaye shi ko akwai sauran cakulan ɗin da aka ƙi. Kuma ya riga ya kai kwandon ga Doña Petra mai sayar da abinci a bakin kasuwa, ta karɓa, har ta ɗinka rigar biki. Ita Petra tana son Brisa ta riƙa taya ta aiki da yamma, kuma ba a ce wa madrina a'a. Fidencio ya kawo maganar jarrabawa, mutumin ya ce wanda ya ɗauki ɗiyarsa tasa, shi zai bi.

Brisa ce ta raka mu mota. Duk zaman ba ta ɗaga ido ba, sai a nan ta dubi Nayeli ta tambaye ta a hankali, ko zaman da take yi da ita ma doka ce ta sa. Nayeli ta shige mota. Har muka iso gida tana kuka.

Roƙona ke nan, Yaya. Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar sunayen masu jarrabawa. Don Cipriano ba ya jin kowa sai uwarsa. In gwiwa ta bari, ki ƙetare rafi ki gaida tsohuwa Gertrudis, ki gaya mata yarinyarmu rashin sani ne ya ja ta, ba raini ba. Ba madrina muke nema ba, wannan ya wuce. Yamma biyu kawai a mako muke roƙo a bar wa jikarta, ta riƙa zuwa zauren karatu.

Ki gaida maigida Anselmo, da Inna Tomasa, da Lupe da jaririnta. Fidencio da Beto suna gaisuwa. Nayeli ma tana gaishe ki, ta ce don Allah ki rubuto mata kalmomin da ake faɗa in an karɓi kwando, ko da ba wanda zai sake kawo mata.

Ƙanwarki mai kewarki,
Herminia