Zoben Arlen Yana Wuyana

Zuwa ga Yayata Marlys,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'a wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Allah ya ƙara wa ɗanki Tobin sauƙin ƙafar nan tasa, ya raya mana su. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Ku kuna Arizona kuna shanya a rana, mu kuwa dusar ƙanƙara ta ci rabin tagar kicin. Inna ta rabu da tarin, har ta koma waƙa a coci, tana kuma tambaya yaushe za ki aiko da hotunan yara.

Yaya, na san abin da ya sa kika yi ta kewaye-kewaye da kika kira ni a waya. Mama Verna, uwar mijina, ta riga ni zuwa kunnenki: wai Arlen ya daina sa zoben aure, wai aurenmu ya fara tsami tun bai shekara ba. To ki ji daga bakina. Ni na cire zoben nan da hannuna, kuma ba zan mayar masa ba sai ƙanƙara ta narke.

Kwanakin baya famfon da ke ba shanu ruwa ya daskare, Arlen ya cire safar hannu don ya kwance shi. Ya shigo yana dariya, hannun hagu a hammata. Da na janyo hannun, sauran yatsun sun yi ja, amma na zoben ya yi fari fat kamar kyandir, na matsa bai ji ba. Na tsoma shi a ruwan ɗumi, ya fara kumbura, da sabulu na zare zoben kafin ya kama. Ma'aikaciyar asibiti ta ce da ya ƙara jimawa a waje, da wata magana ake yi.

Kin tuna Malam Hovland mai koya mana kimiyya? Ke ce mai cewa babu abin da ke shiga kaina sai littattafan soyayya. To wannan darasin ya shiga. Ya ce mana ba sanyi ne ke shiga jiki ba, ɗumi ne ke fita. Ƙarfe da zinariya suna ba shi hanya ya wuce da gudu, ulu da katako kuwa suna tare shi. Na riƙe maganar don ta yi mini kama da labaran da nake karantawa, inda akwai mai ɗauke maka ɗumi ya tafi, akwai mai tsare maka shi.

Ranar Lahadi muna cin nama da dankali a gidan Mama, ta kalli hannun ɗanta ta ajiye cokali. Ta ce zoben nan na marigayi mijinta ne, tun ranar aurensu bai taɓa barin hannunsa ba, kuma namijin da ke yawo a gari da yatsa tsirara gayyata yake yi. Curtis, wan Arlen, ya ce ai amaryarmu ta koma farfesa, gobe ma za ta cire wa shanu ƙararrawa kada wuyansu ya daskare. Na ce masa Yaya Curtis, kai da ka taɓa liƙe harshenka a daskararren ƙarfen tuta a makaranta har aka kawo butar ruwan ɗumi, kai ne za ka yi wa ƙarfe shaida? Kowa ya fashe da dariya ban da Mama.

Na tashi na ɗora cokalin ƙarfe da na katako a bayan taga. Da aka gama ci na ɗauko, na ce Mama taɓa ki ji, wuri ɗaya suka zauna, sanyi ɗaya suka sha. Ta ɗauki na katakon lafiya, ta taɓa na ƙarfen ta sake shi da sauri. Amma ta ce wasan yara ne, wai ni da nake kuka idan jarumin littafi ya sa wa budurwa zobe, yau ni ce mai cirewa. Wannan ta soke ni, Yaya, don gaskiya ce.

Nan Arlen ya miƙe. Sai ya nuna hoton babansa a bango, ya tambayi uwarsa a hankali me ya sa Baba yake sa zoben a yatsan tsakiya, kuma me ya sa hannun hagunsa kullum yake aljihu a hoto. Ashe yatsan marigayin da ake sa zoben aure guntu ne, sanyin wani hunturu ya cinye kansa. Mama ta ce ba zoben ba ne, ƙaddara ce. Ta tashi ta shiga kicin.

Jiya ta aiko cewa in zoben bai koma ba kafin hoton Kirsimeti, kada mu tsaya a cikin hoton. Na aika mata da gaisuwa, na ce mun gode, za mu riƙe musu kyamara. Ina ganin girmanta, Yaya, na kuma san kewar mijinta ce ke magana. Amma yatsa goma na aura, goma nake so in tsufa da su.

Na saƙa wa Arlen zobe na jan ulu, yana sawa har kasuwar shanu, abokansa suna ta yi masa tsiya, ko a jikinsa. Na zinariyar kuwa na zura shi a zare na rataya a wuyana, cikin riga. In wani ya sake ce miki aurenmu ya yi sanyi, ki gaya masa zoben nan bai taɓa yin ɗumi irin na bana ba.

Ki gaishe mini da maigidanki Dale, da Tobin, da ƙaramarmu Joelle, da Gwaggo Ardis in kun haɗu. Arlen yana gaishe ku da hannu biyu, yatsu cif.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lorinda