Inna Ta Ce Da Sauƙi, Aka Sa Ta a Layi

Anti, ki taimake ni da shawara kafin baƙin ciki ya kashe ni.

Ranar Litinin da safe Innarmu ta tashi da ciwon ƙirji, gumi na keto mata. Ina jego, don haka maigidana Salmanu ya kai ta wani asibiti a nan Tudun Wada. Mai ba da kati ta tambaye ta jiki, ko ɗago kai ba ta yi ba. Inna kuwa, a gaban surukinta, me za ta ce in ba da sauƙi ba? Matar da ko ruwa ba ta sha a gabansa! Aka miƙo musu lamba ta arba'in da uku. Shi ma don kunya ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Awa uku tana kan benci tana cije leɓe, masu mura na shiga suna fita. Sai da ta sulale ƙasa aka zo a guje. Kafin azahar ta cika.

Fisabilillahi, wa bai san mara lafiyarmu na cewa da sauƙi ko yana gargara ba? Mai katin, Ishatu, 'yar layinmu ce, har gaisuwa ta zo tana kuka. Na ce zan kai ƙara, kawunnaina suka ce kwana ne ya ƙare, kada in raba yarinya da aikinta. Salmanu kuwa ko kallonsa ba na son yi. In yi shiru ke nan?

Mai jego, Tudun Wada

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Inna. Kada ki yi shiru. Ni ma raina ya ɓaci. Ajali gaskiya ne, amma bai wanke sakaci ba. Mai ciwon ƙirji da gumi ba a ba shi lamba, ciki ake wucewa da shi.

Sai dai kawunnanki ba su yi kuskure duka ba. Ishatu kati aka koya mata, ba duba mara lafiya ba. Babban laifin na waɗanda suka bar ƙofa babu nas ne. Ki rubuta wa shugaban asibitin, da rana da lokaci, ki nemi a ajiye nas tana tantance kowa tun daga shigowa. In sun share ki, ki wuce ma'aikatar lafiya.

Salmanu ladabin da aka koya masa ya yi, kuma shi ya ga faɗuwarta. Ba ki da shaidar da ta fi shi, ku sa hannu tare. In kika bari, gobe uwar wata ce a kan bencin.

Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da kika haifa.