Katin Asibitina Ya Tafi Tare da Aurena

Zuwa ga Mudir, manajan ma'ajiyar kayan da nake aiki a Khumra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Haruna mai lodi a ƙofa ta uku. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun. Na fito fili ne don zuwa ofis ya ƙi yi min amfani.

Na ɗaya. Ranar da kuka ɗauke ni, shekara huɗu ke nan, kun tambaye ni ta'amin, wato inshorar lafiya. Na ce ina ƙarƙashin matata Ruƙayya, 'yar ƙasar nan ce, ita ce kafilina, wato mai tsaya min a takardun zama, wurin aikinta ke biya mana. Kuka ji daɗi, na sa hannu cewa ba na buƙata. Wallahi har alfahari na yi.

Na biyu. Auren ya mutu. Kun karɓi iƙamata, takardar izinin zamana, za ku mayar da ita sunanku, wata biyar yanzu. Kullum sai a ce bukra, wato gobe. Ni kuwa ciwon sukari gare ni, allura nake yi safe da yamma, shi bai san bukra ba.

Na uku, shi ne mai ciwon. Na je kantin maganinmu na unguwar Sa'alaba kamar yadda na saba. Mai kantin ya san ni, ya daɗe yana kallon na'ura, ya ƙi ɗago kai. Na leƙa. A ƙasan sunan Ruƙayya, inda nawa yake zama, sunan wani ne. A nan na san ta yi aure. Na taɓa ganinsa daga baya, ƙato lafiyayye, ya miƙa katin don maganin mura. Mura, ranka ya daɗe! Ya karɓa ko godiya babu, ni ina bayansa a layi ina tambayar allura mafi arha. Ba zan yi ƙarya ba, na bi ledar hannunsa da ido har ya shiga mota.

Su Salisu da suka zo bayana, sati biyu aka ba su kati. Sai su fito da shi suna fifita a wurin shan shayi. Ba laifinsu ba ne, amma nakan juya baya.

Ban ce ku gyara min aure ba, wannan halas, ya riga ya ƙare. Roƙona a kammala iƙamar, a yaga waccan takarda da na sa wa hannu, a sa ni cikin ta'amin ɗin kamfani. Allurar da ta rage min a firji ba za ta wuce Juma'a biyu ba. Wannan karon a rubuta ni a matsayin ma'aikaci, ba mijin wata ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da iyalinka.

Wassalam,
Haruna mai lodi