Hannun Daman Gana

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023
Sati na uku ke nan da kwaleji ta turo ni koyon koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a unguwar Gomari, Maiduguri. Turanci, ajin SS1, yara sittin da biyu, kuma masu karanta layi guda ba tuntuɓe ba su fi goma ba. Alhamis ta sama Dokta Alfred zai zo daga kwaleji, ya zauna a bayan aji ya ba ni maki. In na faɗi, maimaita shekara ne. Ni Nasiha, da ake kira Baturiya a gidanmu saboda iyayi.

Laraba, 11 ga Oktoba
Kezia, wadda aka turo mu tare, ta ba ni dabara. Ranar da mai dubawa ya zo, in na yi tambaya kowa ya ɗaga hannu: wadda ta sani dama, wadda ba ta sani ba hagu. Ni kuma in zaɓi 'yan dama kawai. "Kowa haka yake yi, ƙawata." Na ce Allah ya kiyaye. Kafin la'asar har na tsara ranar da zan koya musu.

Talata, 17 ga Oktoba
Na koya musu. Sun sha dariya, ban da Gana. Ita ce ta bencin ƙarshe, ta girmi kowa a ajin, don shekara huɗu ba ta karatu bayan sun baro ƙauyensu lokacin tashin hankali. Kullum ita ke fara zuwa, amma ko layi ɗaya ba ta iya haɗawa. Ta ce, "Malama, baƙon babba ne?" Na ce e. Ta ce, "Ai ba a ɗaga wa babba hagu." Na ce ta yi min shiru ta yi yadda aka ce.

Alhamis, 19 ga Oktoba
Da farko abin ya tafi sumul. Hannaye sittin a sama, Dokta yana ta gyaɗa kai. Sai ya ce bari shi ma ya zaɓa. Ya nuna ta kusa da shi. Gana, da hannun damanta a sama.
Ta miƙe da littafin, ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce wa Dokta da Kanuri, a hankali: Baba ya yi haƙuri, ba ta sani ba. Malama ta ce marar sani ta ɗaga hagu, ita kuwa ba za ta yi masa rashin kunya ba.
Dokta ba ya jin Kanuri, ya juyo ya tambaye ni me ta ce.
Na yi murmushi. Na kai yatsa na taɓa gefen kaina, na ce masa yarinyar ba ta cika lafiya ba. Wannan alamar kuwa ba sai an iya Turanci ake gane ta ba. Duk sun gani. Ita ma ta gani.
Ya ba ni 74. Har ya rubuta cewa ina da haƙuri da masu rauni.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Gana ba ta zo ba.

Laraba, 25 ga Oktoba
Har yau ba ta zo ba. Kezia ta ce in daina cin raina, aikin gama ya gama. Na yi tambaya a aji, babu wadda ta ɗaga ko da yatsa. Ba raini suka yi min ba, da raini ne da da sauƙi. Kunya nake ji, irin wadda ke hana mutum kallon allon da ya yi rubutu a kai.

Asabar, 28 ga Oktoba
Na hau keke zuwa Old Maiduguri, gidan gwaggonta. Na tarar da ita a tabarma tana ɗinkin hula. Gwaggon ta yi min wushe, sannun Kanuri, ta kawo ruwa, ta ce, "Malama, tunda kun ce kanta ba daidai ba, gara ta riƙe allura." Kun ce. Na ajiye ruwan ban sha ba.
Na ba Gana haƙuri. Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ta yafe, amma shi baƙon har yanzu mahaukaciya ya san ta.

Litinin, 30 ga Oktoba
Littafin laburare kawai na je mayarwa kwaleji. Ofishin Dokta Alfred a kan hanya yake, ba ni na ajiye shi a can ba. Na shiga. Na fassara masa abin da Gana ta faɗa ranar, ban rage ko kalma ba, sannan na faɗi nawa.
Bai yi faɗa ba. Ya zaro fom ɗina, ya ja layi a kan 74, bai rubuta komai a madadinsa ba. Ya ce zai dawo, ba zai gaya min ranar ba. Har na kai ƙofa ya tambayi sunanta, ya ce ko zai same ta a aji, yana da haƙurin da zai ba ta.
Na gaya masa sunan, na ce zuwanta kuwa ban sani ba.
Gobe in an tashi daga makaranta zan koma Old Maiduguri. Saƙo ne aka ba ni, ba wani abu ba. Littafin karatun 'yan firamare da ke jakata kuwa, dama can yana ciki.