Hancin Zainabu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin mai ɗakinka? Maƙwabciyata Maman Rabi ke rubuta min, na ce kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Ashe da saninka Zainabu ta je aka yanka mata hanci? Ni ce min ta yi toshewar da ke hana ta numfashi za a buɗe. Sai ga ta ta dawo Agege fuska a kumbure, wai an haɗa an rage masa faɗi, kuma kawunta ya yarda ta waya. Kai ɗin wa? Hancin da na gasa da ruwan ɗumi tana jaririya! Na uwarta ne sak. Tun da Allah ya karɓi yayarka, a nan kaɗai nake ganinta.

Yanzu jini na tsattsafowa, ta baki take numfashi, ko goshi ba ta iya kaiwa ƙasa a salla. Likita ya ce kumburin zai saɓe, amma ni tsoro nake ji.

Ka sa a yi mata addu'a, ka hau mota ka zo Ikko. Ka gaishe min da yara. Kai kuwa, sai na ga yarinyar nan ta yi sujada zan huce.

Innarka