Rabin Ƙwayar Auta

Litinin, 3 ga Maris

Riga tamanin na goge yau a shagon wanki, ban zauna ba. Uwar ɗakina har tsokanata take: "Wane aljani ya hau ki?" Na yi dariya kawai. Ƙwayar 'yata Auta ce, wadda likita ya rubuta mata don ta natsu a aji. Rabi na ɓalla na sha. Ita natsar da ita take yi, ni kuwa sai ta wartsake ni, gajiyar nan ta wata da watanni ta bi iska.

Alhamis, 6 ga Maris

Rabi ni, rabi ita. 'Yar shekara tara, ai rabi ya ishe ta. Haka dai nake ce wa kaina.

Laraba, 12 ga Maris

Na gwada bari. Kafin azahar dutsen guga ya fi ƙarfin hannuna, na ƙona wuyan farar riga. Uwar ɗakina ta ce in na sake, in nemi wani wurin. Ina kuma zan nema? Na dawo gida na rufe Auta da faɗa a kan cokali. Cokali fa!

Alhamis, 13 ga Maris

Na sha.

Talata, 18 ga Maris

Malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa. Wai Auta ta koma gidan jiya, ba zama, ba rubutu, an mayar da ita bencin baya. "Tana shan maganinta kuwa?" Na ce kullum, ni da hannuna nake ba ta. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Juma'a, 21 ga Maris

Asibiti. Likita ya karanta takardar malama, ya ce da alama guda ɗaya ta yi mata kaɗan, zai ninka. Auta ta ɗago ta kalle ni. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Abin da ya fito: "To, likita."

Litinin, 24 ga Maris

Da safe na ba ta biyun cif, na rantse yau ba zan taɓa ba. Ta haɗiye ɗaya, ta miƙo mini ɗayar a tafin hannunta.

"Umma, ki sha. In kin sha ba kya faɗa."

Ashe tun tuni ta sani.

Ban ma yi gardama ba. Ita ta ɗebo mini ruwan.